Neman shawara: wa zan bar wa gidan burodina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gidan burodi a Zariya, ma'aikata 18. Zan buɗe reshe a Kaduna, dole in bar wani ya riƙe nan. Akwai babban mai kwaɓinmu, tun kafuwar gidan muke tare, shi ya koya wa yawancin yaran aiki, sai dai bai yi boko ba. Ga kuma ɗan Yayana da ya gama bautar ƙasa, ya karanci kasuwanci, kuma Yaya ya riga ya yi min magana. Tun da zancen ya fita jikin yaran ya yi sanyi, biyu har sun fara maganar tafiya. Ba na son ɓata zumunci, ba na kuma son tauye bawan Allahn nan. Ya zan yi?

Mai shago a Kantin Kwari: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaran nan zuba ido suka yi su ga ko haƙuri yana da riba a gidanka. In ka tsallake wanda ya koya musu ka ɗauko na gida, kowa ya gane iyakarsa ke nan. Ba mai kwaɓin riƙon, ka tara su ka faɗa da bakinka. Ranar da injin kwaɓi ya tsaya da asuba, ko masu shayi suka dawo da burodi suna ƙorafi, shi zai san abin yi.

Wata malamar makaranta: Ka dai fara tambayarsa ko yana so. Gwanin aiki daban, mai iya tsawatar wa abokan da yake cin tuwo da su daban. Wani ƙarin albashi da girmamawa sun fi masa kujera.

Wani akanta: Alhaji, raba aikin biyu. Dattijon ya riƙe ma'aikata da gashin burodi, yaron ya riƙe littafi: buhunan fulawa, kuɗin dizal, bashin 'yan sari. Amma a rubuta, kowa ya san wa ke sama da wa. Dokar ƙwadago ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa. Ka kuma lura, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma da reshen Kaduna za ka iya haure wannan adadi. Sa shi cikin lissafinka tun yanzu.

Wata Hajiya mai gidan abinci: Ɗana, za ka iya sallamar yaron nan in ya yi ba daidai ba? In za ka ji nauyi, kar ka ɗauke shi. In kuwa za ka iya, je ka sami Yayanka ku yi maganar tun kafin ya fara, a gaban yaron.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ce ta fi min nauyi. Zan fara zama da mai kwaɓin, ranar Juma'a kuma in je gidan Yaya.