Wai me za mu kira "chemo brain" da Hausa?

Jama'a ina neman kalma. Yayata ta gama kemo na sankarar mama (wato chemotherapy, magungunan kashe ƙwayoyin sankara) wata biyar ke nan, zagaye shida aka yi mata duk bayan sati uku, har da jan ruwan nan doxorubicin. Alhamdulillah gashi ya fara tsirowa amma kanta bai dawo daidai ba. Matar da ke riƙe lissafin adashin mutum ashirin a ka, yanzu sai ta tsaya tsakiyar magana tana neman sunan ludayi, tana nuna shi da hannu, ta ce yana bakina wallahi ya ƙi fitowa. La'asar kuwa kusan kullum sai ta yi ƙabli ko ba'adi.

Likita ya ce sananne ne, Turawa na ce masa chemo brain. Ba maganin kaɗai ke jawo shi ba, akwai ƙarancin jini, rashin barci, gajiya, fargabar ciwon kansa, har da magungunan da ake ci gaba da sha bayan kemo irin su tamoxifen. Mafi yawa yana sauƙi a hankali cikin watanni, wasu kuma ya ɗauke su shekaru.

To da na zo yi wa Hajiyarmu bayani sai na rasa me zan ce, kuma kun san in abu ba shi da suna a gida, nan da nan wata gwaggo za ta raɗa masa sammu.

"Ƙwaƙwalwar kemo" ba ta ce komai ba. Wani ya kawo "mantuwar kemo", ta yi kusa, sai dai ba mantuwa kaɗai ba ce, akwai nauyin tunani da kasa haɗa aiki biyu, tana girki a yi mata magana shi ke nan gishiri sau biyu. "Hazon kemo" yana da daɗin ji amma wa ya taɓa cewa kaina ya yi hazo?

Ni dai na tsaya a kan "gigin kemo". Kamar gigin barci, mutum ya farka ido biyu amma kai bai iso ba tukuna. Tsorona ɗaya kar a ji gigi a tuna gigin tsufa, don wannan daban ne, tana sane da kowa da komai.

Na gwada wa yayar tawa jiya, ta yi dariya ta ce rubuta min a littafin nan kafin in manta. Ma'aikatan asibiti, ku me marasa lafiya ke ce muku?