Gasaya a garka: me ke hana ta tsirowa da rani?

Ɗan garka, Tahoua:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Da damina gasaya kan juji take fitowa ba wanda ya shuka ta, amma in an zuba irinta a fangali da rani sai ta ƙi. Waɗanda suka saba da ita, ina matsalar take?

Malamin gona:
Wa alaikumus salam. A fara tabbatarwa gasayar ce aka tara. Ganyenta kamar tafin hannu yake, yatsu 5 galibi, wani lokaci 3 ko 7. Karan na da gashi mai danƙo. Furen fari ne, da zaruruwa 6 dogaye kamar gashin bakin kyanwa. Sunanta na kimiyya Cleome gynandra. Akwai ƴar uwarta mai furen rawaya, ita ma da danƙo, wannan ba ita ba ce.

Baba mai garka:
Ɗana, laifin iri ne da sanyi. Sabon irin gasaya barci yake yi. Wanda aka tara a Oktoba aka zuba a Nuwamba, ɗai-ɗai zai fito, ga kuma ɗarin Disamba da Janairu wanda ba ta so. Ka ajiye shi wata 5 ko 6 a kwalba busasshiya, ka shuka a Maris in zafi ya fara.

Na biyu, zurfi. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, in ta wuce santimita 1 a ƙasa ta tafi ke nan. Cuɗa cokali 1 na iri da cokali 10 na rairayi, ja layi da yatsa, tsakanin layi da layi santimita 30, ka yayyafa, ka shafe da tafin hannu. Ban ruwa da buta mai rariya, kada a kwarara da bokiti, yana tara irin a kusurwa ɗaya. Cikin mako guda za ka ga tsiro. A mako na 3 ka rage, ka bar tazarar taƙin hannu guda tsakaninsu. Waɗanda aka cire ba a zubarwa, su ne miyar farko.

Malamin gona:
Gaskiya ne Baba. Ƙari kaɗan: ba ta son dashe saboda saiwarta guda ce mai nutsewa, kuma ba ta son inuwa, kada a sa ta ƙarƙashin mangwaro. Takin awaki ruɓaɓɓe take so, abin da ya sa take ƙiba a juji ke nan. A laka irin ta fadama a ɗaga fangalin, ruwa in ya kwanta saiwa ruɓewa take.

Hajiya mai ganye:
Ku maza kun tsaya kan shuka, alhali asarar a wajen tsinka take. Daga mako 4 zuwa 6 ake farawa. Da kan fure ya leƙo a tsinke shi, sai ta yi rassa ta ƙara ganye. In an bar ta ta yi fure, ko ta sha ƙishirwa, ganyen ƙanƙancewa yake ya ƙara ɗaci. A bar gindi 4 ko 5 kawai don iri, a cire kwanson da zarar ya yi rawaya, don in ya bushe a jiki fashewa yake irin ya zube.

Ɗacin kuwa, a tafasa a zubar da ruwan farko, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, albasa da yaji.

Yaya mai abinci, Yamai:
Hajiya, a yi mini afuwa, ganye matashi bai kai a zubar masa da ruwa ba, wani amfanin nasa da ruwan yake tafiya. Gara a haɗa shi rabi da rabi da zogale ko alayyafo, ɗacin sai ya kwanta.

Hajiya mai ganye:
Ƴata, na matashi na yarda. Tsoho dai sai an zubar, ko yara ba za su taɓa ba. Na ajiya kuma a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti 2, a shanya a inuwa kan tabarma, rana tana kashe masa kore.