Biniya siririya ko mai kauri, wacce za ta rufe tabon haƙorana?

Mai tambaya, daga Gwale: Assalamu alaikum. Haƙorana shida na sama, na gaba, suna da tabo ruwan ƙasa tun ina yarinya, ɗaya kuma ya ɗan turo waje. Na je asibiti biyu a nan Kano. Likita ɗaya ya ce a manna min biniya siririya, wato ɓawon tangaran ɗin nan, ba sai an kankare haƙori ba. Ɗayan ya ce sai mai kauri. Bikina saura wata biyu. Wa zan bi?

Likitan haƙori: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Siririyar kaurinta kamar milimita 0.3 ne, haske na ratsa ta, don haka launin da ke ƙarƙashinta yana lekowa. Tabo mai duhu ba ya ɓoyuwa a bayanta, sai dai a sa siminti, wato mannen da ake liƙa ta da shi, mai toshe haske, shi kuma ya bar miki haƙori fari fat kamar alli, kowa ya gani ya san aiki ne. Mai kaurin ana kankare milimita 0.5 zuwa 0.7 daga inamel, farin ɓawon haƙorin, don tangaran ya samu wurin zama ya rufe launin.

Sai wanda ya turo. In aka ɗora masa abu ba a rage shi ba, ƙara turowa zai yi, gefen biniyar kuma ya yi tudu a bakin dasashi. Nan datti yake maƙalewa, dasashi ya kumbura ya riƙa jini. Siririya ta fi dacewa da haƙori ƙarami, ko wanda ya shige ciki, mai launi mai kyau. Naki ba haka yake ba.

Mai haɗa haƙora a lab: Dakta ya faɗi gaskiya, amma 'yar'uwa ki sa ido kada a wuce gona da iri wajen kankara. Kusa da dasashi inamel bai fi rabin milimita ba. Aka zarce shi an shiga dentin, ɓangaren haƙori da ke ƙarƙashin inamel, manne ba ya kama shi kamar yadda yake kama inamel, daga nan sai tsamin haƙori da ɓallewar biniya. Ki nemi a fara yi miki gwaji da roba a kan haƙoranki, ki duba madubi, ki yi magana, kafin a taɓa komai. Ba dole duka shidan su zama iri ɗaya ba. Ana rage wani sosai, wani a ɗan shafe shi kawai.

Mai tambaya: Na gode. To in ban so ta ba, ana cirewa?

Likitan haƙori: Inamel da aka kankare ba ya tsirowa, kin shiga ke nan, duk shekara 10 zuwa 15 ki sa ran canji. Siririyar ma ba ɓare ta ake yi ba, goge ta ake da inji. Shi ya sa zan so a fara gano asalin tabon. In fuloraid ne na ruwan sha ya yi yawa kuma bai yi zurfi ba, gogewar sama da maganin haskaka haƙori na iya rage shi har siririya ta wadatar a wasu haƙoran. Tabon tetracycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a cikin dentin yake, ya fi taurin kai. Ki je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ƙara dubawa.

Ma'aikaciyar jinyar haƙori: Amarya, lissafa kwanakinki. Bayan haskakawa sai an jira mako biyu kafin manne ya kama da kyau, lab kuma zai ci mako ɗaya zuwa biyu kina sanye da na wucin gadi. In dasashi na jini, wanki ne farko. Bayan an saka, ba shan rake, ba fasa aya ko ƙashi da haƙoran gaba. Goro ba ya rina tangaran, amma yana rina layin simintin da ke gefe. In kina cizon haƙora cikin barci, ki karɓi robar da ake sawa a baki da dare don kare haƙora tun ranar da aka manna.