Sirrin kamfanonin waya da haƙƙin mai saye: abin da muka tsinta a zamanmu

Ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025 ne ya ta da maganar. Su kamfanonin, ninki suka nema. To, wane lissafi suka kai wa hukumar, kuma wa ke da ikon ganinsa?

Lauyan da ke cikinmu ya ce kada a tsaya ƙorafi a shayi, a rubuta wa hukumar takarda bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Kwana bakwai gare ta ta amsa. In ta hana, dole ta faɗi dalili a rubuce, kai kuma kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Ya ja kunne cewa sashe na 15 ya kare sirrin ciniki, don haka a nemi jimillar alƙaluma, a ce su rufe ɓangaren da ke sirri su bayar da sauran. Wannan ce shawarar da ta fi kama mini hankali.

Wani injiniya ya kare kamfanonin: kuɗin hayar turakun sabis da shirin inda za a ja sabuwar waya, in abokin gasa ya gani, an gama da kai. Mun yarda. Amma yawan yankewar kira fa? Wannan ba sirri ba ne, a kunnenmu yake faruwa.

Wata 'yar jarida ta tuna mana cewa MTN da Airtel suna kasuwar hannun jari ta Legas tun 2019, rahoton kuɗinsu a fili yake. A fara karanta shi kafin a ɗauki biro.