Wace kalma za mu sa wa "coefficient of relationship" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, a taimaka min da kalma. Akwai wani lissafi da masana ƙwayoyin halitta suke kira coefficient of relationship, wani Ba'amurke Sewall Wright ne ya fito da shi a 1922, ana auna yawan abin da mutum biyu suka haɗa na gadon halitta ta wajen iyaye da kakanni. Uwa da ɗanta kaso 50 cikin 100, shaƙiƙai ma kusan 50, 'yan uba 25, kaka da jika 25, ɗan wa da ɗan ƙani 12.5. Ni dai na rubuta "ma'aunin zumunci" amma bai kwanta min ba.

– Wa alaikumus salam. Gaskiya zumunci bai yi ba malam, zumunci ai abin da ake sadarwa ne, har suruki da wanda kuka sha nono ɗaya suna ciki, kuma ana iya yanke shi, shi kuwa wannan lissafin ko shekara ashirin ba kwa ga maciji da ɗan uwanka yana nan a 50 ɗinsa. Me zai hana "ma'aunin nasaba"?

– A'a yaya, nasaba a wajenmu ta uba take bi, mutum na jin ta zai tuna rabon gado inda baffa yake asaba kawu kuwa ba ya cikinsu, alhali a wannan awon baffa da kawu da gwaggo da inna duk 25 ne ba wanda ya fi wani. Ni "kason jini" na fi so, gajere ne.

– Hajiya kason jini fa zai rikita mutane a asibiti, za a ɗauka gwajin ƙarancin jini ake nufi irin wanda ake wa masu ciki, wani ma ya ce maganar AA da AS ce.

– To a ce "kusancin jini" mana, lissafin kansa kuma "awon kusancin jini". Ku gwada: idan wa da ƙani suka auri ya da ƙanwa, kusancin jinin 'ya'yansu kaso 25 ne, daidai da 'yan uba, duk da aure ya halatta a tsakaninsu. Ko tsohuwa a ƙauye za ta gane.

Madalla, wannan ta zauna. Awon kusancin jini zan sa, na gode.