Neman kalmar Hausa: me za mu kira "reprogramming" na tantanin halitta?

'Yan uwa masu fassarar kimiyya, a taya ni tsayar da suna ga wannan kalma, wadda ke nufin sa tantani ("cell") ya bar aikinsa ya kama wani.

A 2011 ayarin Lijian Hui a Shanghai da na Atsushi Suzuki a Jami'ar Kyushu ta Japan, kowa daban, suka ɗauki tantanin fatar ɓera suka cusa masa ƙwayoyin gado ("genes") biyu zuwa uku, irin su Hnf4a da Foxa3. Sai ga tantanin fata yana aikin hanta: yana fitar da furotin ɗin albumin, yana ajiye sukari. Da aka dasa shi a jikin ɓerayen da hantarsu ke lalacewa, wasu suka rayu.

Tantanin fata da na hanta gadonsu ɗaya ne. Bambancinsu kawai wace ƙwayar gado ce a kunne, wacce a kashe. Shi ya sa "gene expression" ba ta ba ni wahala ba: kunnuwar ƙwayoyin gado.

Ga "reprogramming" kuwa, wani malami ya kawo "rikiɗa". Tana da daɗin faɗi, amma ta zarce gaskiya, don abin da ya rikiɗa ya tashi daga kamanninsa ɗungurungum. A 2014 Samantha Morris da abokan aikinta a Boston sun bi diddigin abin da ke kunne a cikin waɗannan tantanai, suka tarar ba su zama hanta sosai ba. Har da ƙwayoyin gadon hanji a kunne, kuma da aka dasa tantanan a hanjin ɓera suka zauna daram.

"Sake saiti" na masu gyaran waya kuwa, mu bar wa aikin Shinya Yamanaka na 2006, wanda ya mayar da tantani halinsa na farko kafin ya san aikin da zai yi. A nan ba a koma farko ba, daga fata aka nufi hanta kai tsaye.

Ni dai na tsaya kan "sauya akala". Raƙumin bai canza ba, inda aka nufa da shi ne ya canza, kuma kalmar ba ta yi alkawarin an isa ba. Sai mu rubuta: an sauya akalar tantanin fata zuwa mai kama da na hanta.

Roƙona kuma, mu daina kiran tantani da ƙwayar gado duka "ƙwayar halitta". Jimlar nan ta sama ta cusa wa tantani ƙwayoyin gado ba za ta fahimtu ba in sunansu ɗaya. Malaman jami'a, me kuka gani?