Bakin cizal na karkacewa a makamar wasawa

Tambaya: Salamu alaikum, manyan kafintoci. A makama mai taya irin ta Eclipse (abin da ke riƙe cizal a kusurwa ɗaya yayin wasa shi a dutse), nawa ake fito da bakin cizal? Me ke karkatar da shi?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. In ka fito da shi milimita 40, kusurwar bakin digiri 25 ce, milimita 30 kuma digiri 30. Karkacewar kuwa, tayar siririya ce, don haka ɓangaren yatsan da ya fi dannawa, can baki zai fi ci.

Amsa ta 2: Malam, shafa baƙar tawadar maka a bakin, ja shi sau uku a kan dutsen wasawa. Inda tawada ta rage, nan za ka ƙara dannawa.

Amsa ta 3: A duba dutsen ma. In tsakiyarsa ta lotsa, goge shi da jiƙaƙƙen samfefa bisa gilashi.